Yadda muka yi wa sana'ar kai kayan gida ƙofa-ƙofa rajista a Kumasi

Sana'armu ita ce kai kayan amfanin gida har ƙofa: tukwanen silba, kuloli, filas, baho da bokitin roba, tire, zanin gado da labule. Muna zagaya Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line har Tafo Zango. Mai saye ta ba da kafin alƙalami ta karɓi kayanta, sauran kuɗin ta riƙa biya kullum ko mako-mako. Ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu. Tun fataken da suka gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 akwai 'yan koli masu bin gidaje da allura da zare da madubi, akwai kuma dillalai mata masu shiga inda namiji ba ya shiga. Bambancin kawai shi ne su amana da ƙwaƙwalwa suka riƙe, mu kuwa zamani ya kawo mu inda ake cewa sai da takarda. A ƙarshen 2021 babban dilan da muke sari a wurinsa a Adum ya ce da ni, "Malam, na yarda da kai, amma ba zan ba da kayan sidi dubu ashirin bashi ba sai na ga satifiket da asusun banki mai sunan sana'a." Daga ranar zuwa ranar da komai ya kammala wata huɗu muka yi. Da mun san abin da ke gaban wani, da mako shida ya isa.

Makonni ukun farko a banza suka tafi. Wani daga cikin masu tsayawa a bakin ofisoshi, waɗanda mutanen Gana ke kira goro boys, ya karɓi sidi 300 da alkawarin zai kawo satifiket cikin kwana biyar. Kullum gobe, har ya daina ɗaukar waya. Takaicin bai tsaya ga kuɗin ba, don ya tafi da kwafin katina na ɗan ƙasa, wanda bai kamata ya shiga hannun wanda ban sani ba. Da na je da ƙafata na tarar ba wani abu a aikin da mai iya karatu da rubutu zai kasa yi, wanda bai iya ba kuma ɗansa ɗan sakandare ya ishe shi.

Tushen komai Ghana Card ne, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Tun 1 ga Afrilu 2021 lambar da ke jikin katin ta zama lambar biyan haraji ta mutum, don haka ba sai ka sake cike fom ɗin TIN dabam ba. Abin dubawa kafin ka taka ko'ina shi ne rubutun suna. Mu 'yan Zango wannan ke kama mu: kati ya ce Mohammed, takardar haya ta ce Muhammed, layin waya ya ce Mahamadu. Yadda aka rubuta a kati haka za ka rubuta a kowane fom, harafi da harafi, ko da ba haka kake son sunanka ba. Gyaran suna hanya ce mai zaman kanta, da takardar rantsuwa da bugawa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kada ka cusa ta cikin wannan aiki sai dole. Akwai kuma maganar da ya kamata 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijar da Najeriya su ji tun da wuri. Dokar zuba jari ta 2013, wato Act 865, ta keɓe talla da ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da rumfa ga 'yan ƙasa kawai, ta kuma ce baƙon da zai buɗe kamfanin kasuwanci sai ya kawo jarin dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Wasu kan yi rajista da sunan aboki ɗan ƙasa. Dokar ta hana wannan, kuma ranar da rigima ta tashi, a idon hukuma kaya da asusu duka na mai sunan ne.

Na biyu shi ne wuri da adireshi. Ko da kasuwarka a kan ƙafa take, fom zai tambayi inda sana'a ke zaune. Mun kama sito a Aboabo, ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma kowa ya san shekara biyu ake nema, mu da roƙo da sa bakin dattijan unguwa muka samu shekara ɗaya. Ka tabbata an rubuta yarjejeniya, mai gida ya sa hannu, shaidu biyu sun sa, domin asambuli, wato ƙaramar hukumar yankin, da banki duk za su so ganinta. Adireshin GhanaPost GPS kuma a waya ake cire shi kyauta, amma ka tsaya daidai bakin ƙofar sito kafin ka danna. Manhajar ta yanka ƙasa gida-gida ne, mita biyar-biyar, idan ka cire daga bakin titi lambar maƙwabci za ta ba ka. Ka rubuta lambar gida da sunan layi da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko makaranta, saboda jami'in da zai zo dubawa da alamar zai same ka.

Daga nan na nufi ofishin rajistar kamfanoni na Kumasi. A lokacin aikin yana ƙarƙashin Registrar-General ne, a 2022 aka ware shi ya koma ofishi mai cin gashin kansa da ake kira ORC, bisa dokar kamfanoni ta 2019. Na isa ƙarfe bakwai da rabi na safe na tarar da mutane a gabana, sai wajen sha ɗaya na kai ga tebur. Tambayar farko ita ce wace irin rajista. Iri uku ne ke gaban ɗan kasuwa irina. Akwai sunan kasuwanci na mutum ɗaya, da Fom A ake yinsa ƙarƙashin dokar 1962. Akwai haɗin gwiwa na mutum biyu zuwa ashirin. Akwai kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda ke buƙatar daraktoci aƙalla biyu da sakatare da mai binciken kuɗi, ga harajin hatimi a kan jari, ga rahoton shekara-shekara. Na zaɓi na farko saboda sauƙi, amma ka san abin da ka ɗauka: a wannan tsari kai da sana'ar abu ɗaya ne, idan bashi ya ci ta, mai bin bashi zai iya bin babur ɗinka da filinka. Wanda zai haɗa jari da wa ko ƙane ko aboki, kada ya yi Fom A da sunan mutum ɗaya don gudun wahala. Gādo da rabuwa ba sa sallama kafin su zo.

Kafin a karɓi fom sai an bincika suna. Na tafi da suna ɗaya tak, mai Nasara a ciki, aka ce akwai mai kama da shi. Na koma washegari da wani mai Alheri, shi ma haka. Sunayen da muke ƙauna, Nasara da Alheri da Albarka da Rahama, duk an daɗe da cinye su. Ka tafi da uku ko huɗu a rubuce, ka haɗa da sunan iyali ko wata kalma da ba kowa zai tuna da ita ba. Fom ɗin da manyan baƙaƙe ake cikewa, ba gogewa ba shafa farin fenti, wanda ya ɓata sai ya sake sabo. Gurbin da ya fi muhimmanci shi ne na bayanin sana'a. Kada ka rubuta kasuwanci kawai. Ni na sa aka rubuta sayar da kayan kicin da na amfanin gida, sari da ɗai-ɗai, da kai wa masu saye gida, domin abin da ke wannan layi shi banki da ofishin haraji za su karanta. Kuɗin rajista a lokacin sidi 60 ne, sabuntawa kowace shekara sidi 25, a bankin da ke cikin harabar ake biya a karɓi rasit. An ƙara kuɗin tun daga baya, don haka ka karanta allon da ke bango kafin ka ciro kuɗi. Bayan kwana goma sha biyu na karɓi satifiket mai lamba da ta fara da BN, tare da kwafin Fom A mai hatimi. Nan take na yi kwafi goma na kowanne, asalin kuma na sa a leda na ajiye a gida, ba a sito ba.

Da satifiket a hannu na ɗauka an gama, ashe saura lasisin gudanar da sana'a na asambuli, kuma a nan na ɓata kwana biyu saboda ban san iyaka ba. Kumasin da muka sani ba asambuli ɗaya ba ce yanzu. Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin Asokore Mampong tun 2012, a 2018 kuma aka yanke Old Tafo da Oforikrom da Suame da Kwadaso da Asokwa daga KMA, wato asambulin birnin Kumasi. Inda sitonka yake, can za ka nemi lasisi, ko da rabin masu sayenka a wata asambulin suke. Na kai satifiket, takardar haya, kwafin kati da adireshin GPS. Bayan mako guda jami'ai biyu suka zo suka ga girman ɗakin da yawan kaya, suka sa mu a rukuni, aka kawo takardar biya. Kuɗin ba ciniki ba ne, yana cikin jadawalin da asambuli ke amincewa da shi kowace shekara, kana da damar cewa a nuna maka layin da aka ɗora ka a kai. Allon suna a bakin ƙofa kuɗinsa dabam. Lasisin na shekarar kalanda ne, ko a Nuwamba ka karɓa, Disamba na ƙarewa ya mutu. 'Yan tallanmu da ke ƙetarawa Tafo ko Ayigya kowannensu na ɗauke da kwafin lasisi da katin shaida mai hoto da muka buga musu, idan mai yankar tikiti ya tare su sukan biya na ranar su karɓi tikitin, mu mayar musu da yamma.

Takardar 'yan kwana-kwana ba wanda ya matsa mana a kanta a farko, amma ɗakin da aka cika da roba har rufi ba wurin wasa ba ne. Jami'insu ya zo ya duba waya da soket, ya ce a bar rata tsakanin kaya da ƙwan lantarki, a rataye tukunyar kashe wuta kusa da ƙofa ba can ƙurya ba. Wanda ya ga gobarar kasuwar Kejetia ta Maris 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ofishin haraji na GRA shi na fi jin tsoro, sai ya zama inda na fi ƙaruwa. Jami'ar da ta karɓe ni ta tambayi cinikin wata, na faɗi abin da ke shigowa hannu. Ta ce, "Alhaji, kayan da kuka bayar bashi fa?" A nan na gane littafi biyu muke buƙata, na kayan da suka fita da na kuɗin da suka shigo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukiyarmu da ke gidajen mutane. A lokacin ƙananan 'yan kasuwa sitamfin haraji suke saye duk wata uku. Mu da muka ɗan ɗara haka aka buɗe mana fayil, aka ƙiyasta ribar shekara, muna biya kashi huɗu, ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba, sannan a kai bayanin shekara kafin Afrilu ya ƙare. Rajistar VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ba ta hau kanmu ba domin a lokacin sai ciniki ya wuce sidi 200,000 a shekara. Rasit da littattafai doka ta ce a adana su shekara shida. Wani abu guda: manyanmu har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, irin na kafin 2007, sidi 100 su ce miliyan ɗaya. A littafi da katin mai saye sabon kuɗi kawai za a rubuta, in ba haka ba wata rana sai an yi rantsuwa a kan sifili huɗu.

Maganar 'yan talla ita ce ta fi ɗaukar tunani, kuma ba mu muka fara karo da ita ba. Alfred Fuller, wanda ya kafa kamfanin Fuller Brush a Amurka a 1906, da dare yake haɗa burushi, da rana ya bi gidaje yana sayarwa. Da kamfanin ya girma, dubban masu bin gidajensa ba albashi suke ci ba, rabonsu na cikin abin da suka sayar, kuma sukan miƙa wa uwar gida ɗan ƙaramin burushi kyauta don ta saurare su. Da mata suka fara fita aiki, ƙofofi suka zama a rufe da rana, kasuwar ta ja baya, a 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Tupperware mai robobin abinci, wanda ya yi suna da tara mata a gidan ɗaya daga cikinsu ana nuna kaya, shi ma a Satumba 2024 ya bi sahu. Abin da na ɗauka daga labarinsu shi ne lokaci da mutum. A Zango ma mata da yawa suna kasuwa da rana, don haka zagayenmu daga bakwai zuwa tara na safe ne, sai kuma bayan la'asar, ran Juma'a da Lahadi kuma su ne manyan ranakun karɓar kuɗi. Cikin 'yan tallanmu shida, huɗu mata ne, saboda su ke yin sallama su shige har tsakar gida. A takarda kuwa dole ka raba su biyu. Mai tsaron sito da ke cin albashi mun kai sunansa SSNIT, hukumar fansho, inda muke zuba kashi 13 cikin 100 na albashinsa, a cire masa 5.5, a biya kafin 14 ga wata mai bi. Masu cin kamasho kuma ana cire kashi 10 na kamashonsu a kai wa GRA kafin 15 ga wata. Ka faɗa musu wannan ranar farko, kada sai ranar biya. Kowanne ya kawo mai tsaya masa, mutum mai gida ko rumfa a unguwa, ya sa hannu a gabanmu.

Asusun banki da layin MoMo na 'yan kasuwa, wato na karɓar kuɗi ta waya, sun zo da sauƙi tunda takardu sun cika: satifiket, Fom A, kati, hoto, adireshi. Layin ya ɗauki mako biyu. Amfaninsa ya wuce sauƙin biya, domin kuɗi na shiga da sunan sana'a kai tsaye, ba ya kwana a aljihun ɗan talla. Da aka kawo harajin tura kuɗi ta waya, wato E-levy, a Mayu 2022 masu saye suka tsorata suka koma tsabar kuɗi, sai da muka bi su muna bayanin cewa sidi 100 na farko a rana ba a cire komai a kansa. An soke harajin a Afrilu 2025.

Takarda ta ƙarshe ba ofis ne ya ba mu ita ba, kuma a ganina ta fi sauran nauyi, wato katin mai saye. Sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan tsohon tsari ne, kamfanin Singer ya fara shi da keken ɗinki tun 1856, Gana kuma tana da dokarsa tun 1974. Wani lauya da muka biya kuɗin zama ɗaya ya fayyace mana ita. Idan kana so kaya su zama naka har a gama biya, dole yarjejeniya ta zama a rubuce da sa hannu, a faɗi farashin kuɗi hannu da farashin bashi tun kafin a ƙulla, a ba mai saye kwafi. Idan ta biya rabin kuɗin, ba ka da ikon zuwa ka ɗauke kaya sai da umarnin kotu. 'Yan sanda kuma ba masu karɓo bashi ba ne, hanyar ita ce kotun gunduma. Malaminmu ya ƙara da nasa: farashin bashi ya ɗara na hannu babu laifi a wurin mafi yawan malamai matuƙar an yanke shi tun farko, amma ƙara ko pesewa ɗaya, wato ɗan ƙwandala, saboda jinkiri riba ce ta haram, rubuta bashi kuwa umarni ne a aya ta 282 cikin Baƙara. Katinmu guda biyu ne masu lamba ɗaya, ɗaya a hannunta, ɗaya a sito. Akwai sunanta da sunan da unguwa ta san ta da shi, sunan mai gidan da take haya, lambar waya biyu, da gidaje sittin da ɗan talla ke sa hannu duk ranar da ya karɓa. Sunan unguwa ba ƙaramin abu ba ne, don idan ka shiga gidan haya mai ɗaki ashirin kana neman Hajiya Amina, uku za su fito.

Ga lissafin da muka fara da shi. Saitin tukwane da muka saro sidi 240, kuɗi hannu 300 ne, bashi 360. Kafin alƙalami 120, ragowar 240 a biya sidi 4 kullum kwana sittin. Ɗan talla na da kashi 10 na abin da ya karɓo, wato 36, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ɗan dako sun ci kamar 10, saura 74. Idan mace ɗaya ta tashi daga gida bayan kafin alƙalami ba a san inda ta koma ba, ribar saiti biyu ta tafi. Shi ya sa sabuwar mai saye ba ma ba ta kayan da ya wuce sidi 150 sai ta gama kati ɗaya lafiya, kuma ba ma sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku a kafin alƙalami ko da 'yar'uwa ce. A farko mun yarda da wata shida ga masu haɗa kayan ɗakin amarya. Shekarar 2022 ta hana mu. Sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba, kuɗin da muka gama karɓa a kan kula bai isa ya sayo irinta a Adum ba, farashin da aka ƙulla kuma ba halin taɓa shi. Tun daga nan kwana sittin ne iyaka, kayan aure kuma mun juya tsarin: uwar amarya ta riƙa zubi kamar adashi, mu saye kayan da kuɗinta ya kai mu rubuta sunanta a kwali, ta ɗauka idan biki ya matso.

Sabuntawa kuma ba ta jiran a tuna da ita. A bangon sito mun manna takarda mai ranaku: Janairu lasisin asambuli da kuɗin allo, watan da aka yi rajista sabunta suna a ORC, takardar 'yan kwana-kwana da cika tukunyar kashe wuta sau ɗaya a shekara, ƙarshen Afrilu bayanin haraji. Duk ranar Asabar bayan azahar 'yan talla na kawo katunan sito, mu kira mata biyar daga cikin na kowannensu, su karanto mana abin da ke rubuce a nasu katin mu gwada da namu.